Abokan Wasa a Aji Shida

"Na ce ka duba takardar ɗan'uwanka, ka nuna masa inda ya kauce. Mi ke da wuya a nan?"

Malam Lawal ya dafe benci da hannu biyu. Elkana, yaron ƙauyen Mazanya ɗan shekara goma sha ɗaya, ya ƙura wa takardar Manu ido. Shi kuwa Manu ya ba sha shida baya, har gashin baki ya fara tsiro masa. Layi uku ya rubuta, ba kai ba gindi.

"Ta yi kyau, Malam," in ji Elkana.

"Ta yi kyau? A ina?"

"Ya girme ni, Malam."

Yau kwana tara ke nan. Yara hamsin da huɗu ya zaunar bibbiyu, kamar yadda aka koya masa a kwalejin horon malamai, kowa ya rubuta nasa labarin da Turanci, ya miƙa wa na gefensa ya gyara. Kwana tara ba wanda ya ja ko layi ɗaya a takardar wani. Ƙarami ba ya gyara wa babba. Ɗan mai kiɗa ba ya taɓa takardar ɗan liman. Duk inda ya juya, "ta yi kyau."

Bara ma ai ta yi kyau. Hedimasta, Malam Kalilu, ya rubuta insha'i guda a allo mai suna "Garinmu", yara suka haddace shi tsaf. Ranar jarrabawa aka ce su ba da labarin ranar kasuwa, su duka suka zazzage "Garinmu". Ko ɗaya bai ga ƙofar sakandare ba. Ga arzikin fetur yana malala, ga sababbin azuzuwa masu rufin kwano suna ƙyalli a Jibiya, amma a ƙarƙashin rufin nan, aku ake kiwo, kuma ba wanda abin ya hana barci.

Da safen nan hedimasta ya tare Lawal a bakin ofis. Babarbare ne, tsagar fuskarsa ta sha shekaru, maganarsa a sanyaye kamar ba abin da ke ci da wuta a duniya.

"Ɗan Fulani, saura mako bakwai jarrabawa. In aka tashi yau ban ga rubutu ba, aji shida ya dawo hannuna."

Wata bakwai yana ce masa ɗan Fulani, wata bakwai Lawal yana haɗiye abin a matsayin raini. Shi ya sa tun shekaranjiya ya rubuta wasiƙa shafi huɗu zuwa ofishin ilimi a Katsina, ya jera laifuffukan tsohon ɗaya bayan ɗaya. Tana nan a aljihun rigarsa.

Ana kaɗa ƙararrawar tara ya fita, ya nufi shingen kan iyaka neman direban da zai kai masa ita. Manyan motoci sun yi layi, masu siminti da fulawa sun sa gaba Maraɗi, waɗanda suka juyo suna jiran 'yan kwastan. Wadda za ta Katsina kuwa ƙarfen ƙarƙashinta ya karye, Ɗantala maƙeri yana kwance a gindinta. Lawal ya kai ya kawo, ya duba agogo, ya sake dubawa.

Kowa ya san zuciyar Ɗantala. An ce ya taɓa bin wani direba da guduma don ya ce aikinsa bai yi ba. Sai ga wani Buzu mai shayi ya tsugunna, yana leƙe ta saman rawaninsa.

"Kai bawa, wanga ɗauri ko akuya ba ya riƙewa."

"Ji ɓarawon raƙumi! Mi ka sani ga ƙarfe?"

"Na san nan bai kama ba." Ya nuna da tsinken hannunsa.

Ɗantala ya kwashe da dariya. Ya duba wurin, ya yi tsaki, ya kwance ɗaurin gaba ɗaya ya sake sabo.

Lawal ya sunkuya. "Baba, ka ƙyale shi yana faɗa maka haka?"

"Buzu ne fa, Malam, abokin wasana. Shi ya isa. Wani ya gwada ya gani."

Lawal bai tsaya jin sauran ba. Da gudu-gudu ya koma aji, wasiƙar tana aljihu, takalminsa cike da yashi.

"Kowa ya miƙe! Wa ke da taubashi a ajin nan?"

Yara suka dubi juna. Wata 'yar siririya mai suna Luba ta ɗaga hannu. "Manu ɗan gwaggona ne, Malam. Bawana ne."

Aji ya ɗauki dariya. Manu ya yi murmushi, karo na farko a kwana tara.

"Koma kusa da shi. Fulani, ku nemi Barebari. 'Ya'yan maƙera, ina Buzayenku? Wanda bai da abokin wasa ya zauna na uku ko na huɗu, shi ne alƙali. Kowa ya rubuta abin da ya taɓa gani da idonsa a shinge. Minti goma sha biyar, sannan ku yi musaya."

Aka ja benci, ƙura ta tashi, wani ya taka wani. Da aka yi musaya, kowa ya sunkuya kan takardar ɗan'uwansa. Sai muryar Luba ta tsaga ajin.

"Bawana, ka ce mota ta zo. Wace mota? Daga sama ta faɗo?"

"Ta Maraɗi mana!"

"To ina ka rubuta? Ni boka ce?" Ta ja layi har biro ya huda takarda.

"Ke kuma kin ce direba ya yi kuka, ba ki ce mi aka yi mai ba. Haka kawai ƙato ya zauna yana kuka?"

Suka juya ga Elkana, wanda aka ba su alƙali. Ya dubi Manu. "Gaskiyarta. Kai ma gaskiyarka."

Daga nan ajin ya zama kasuwa. Ana zagi, ana dariya, ana kiran Malam ya faɗi yadda ake cewa "shinge" da Turanci, ana gogewa ana sakewa. Lawal yana tsalle daga wannan gungu zuwa wancan. Bai ga shigowar hedimasta ba, sai da shiru ya faro daga bakin ƙofa ya cinye ajin.

Malam Kalilu ya ɗauki takardar Manu. Layi goma sha ɗaya, duk ta sha zane.

"Wa ya yi wa takardar nan kaca-kaca?"

"Ni ce, Baba," in ji Luba. "Bawana ne."

Tsohon ya ajiye ta gefe. Ya ɗauki ta biyu, ta uku, har ta bakwai, yana karantawa a hankali, leɓunansa na motsi. Turancin a karye yake, amma babu biyu da suka yi kama. Ya ajiye su.

"Mako bakwai," ya ce. "In sun faɗi, ni da kai muka faɗi."

Hedimasta ya tattara babbar rigarsa, ya zauna a bencin gaba, ya matsa gefe ya bar wurin mutum ɗaya.

"Waccan ambulan da ke leƙowa daga aljihunka tun safe, ni ne a ciki, ko? Zo zauna, bawana. Kawo in duba maka kafin ta tafi, kada Fulani su kunyata mu a Katsina."

Idanu ɗari da takwas suna kansa. Lawal ya dubi tsagar fuskar tsohon, ya tuna wata bakwai na "ɗan Fulani". Ya zauna. Ya ciro wasiƙar, ya haɗa da jan bironsa ya miƙa.

Malam Kalilu ya gyara tabarau, ya karanta shafin farko, ya ja dogon layi.

"Nan ƙarya ce."

Ya juya shafi. Ya daɗe a kansa, biron yana rataye a sama.

"Nan kuma," ya ce a hankali, "bar shi yadda yake."