Inda Bawa Ya Nuna

Bawa yana duƙe a bayan gida yana cire ciyawa tsakanin kunyoyin kuɓewa sai ya ji kukan jaki a ƙofar zaure, ya ji muryar yayarsa Tambaya tana sallama. Shi da kansa ya aika mata har Tsafe ta zo, amma da ya ji muryar sai ya zama kamar ɓarawon da mai gida ya tarar a rumbu.

Gidan na ubansu ne, marigayi Malam Usman, a nan Bungudu. Tun da aka fara shimfiɗo hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau Bawa ya kasa zaune ya kasa tsaye. Kowa na cewa arziki ya koma bakin tasha, shi ma yana son ya kafa rumfar awon gyaɗa a can, ga shi ba jari. Sai ya sa gidan a kasuwa. Ƙasa dai ta Sarki ce, ba a sayar da ita, amma gini da azara da rijiya na magada ne. Ɗahiru marini ya taya, aka daidaita, har Bawa ya karɓi wani abu daga cikin kuɗin ya kai wa mai rumfa a Gusau. Sauran kuɗin Malam Jatau ne, wani attajirin gyaɗa na Gusau, zai ranta wa Ɗahiru, gidan ya zauna jingina a hannunsa har a biya shi.

Malam Jatau kuwa ba ya kwance bakin jakarsa sai an cika masa sharuɗɗa. Kowane magaji ya faɗi yardarsa da bakinsa a gaban mai unguwa. Shi da ƙafarsa zai zagaya iyakar gidan. Kuma kada ya tarar da haƙƙin wani a ciki.

To, nan fa ake yin ta. A cikin gidan aka binne Malam Usman, bayan tsohon rumbu, kamar yadda ake yi wa malamai da waɗanda suka kafa gida. Garba dillali ne ya ja Bawa gefe ran kasuwa, ya raɗa masa cewa a garin Wanke Jatau ya ga kabari a wani gida, ya kaɗe rigarsa ya hau dokinsa, ciniki ya mutu. Maganar ta hana Bawa sakat. Da ruwan farko ya sauka ya ɗauki garma, ya kwashe fasassun tukwanen da ke kan kabarin, ya baje tudun. Ya sare zogalen da ke wajen kai. Rumbun ma, da yake ya riga ya karkace, ya ture shi ya watsa ƙasarsa. Sa'an nan ya yi wa bayan gidan kunyoyi tun daga rijiya har katanga, ya shuka kuɓewa. Bai ko tsaya ya tuna cewa rabin dattawan Bungudu sun yi wa ubansa salla ba. Kuɓewar kuwa ta yi kyau har abin haushi.

Matarsa Luba ta kai wa Tambaya ruwa, aka gaisa, aka tambayi mutanen Tsafe da damina. Tambaya ta ajiye ƙwarya ta gyara mayafi.

"Bari in je in gai da Baba tukuna."

"Haba Yaya, ki huta mana," in ji Bawa, yana tare hanya da jikinsa. "Kin sha tafiya. Ga baƙin nan ma sun iso."

Da gaske kuwa sun iso. Mai Unguwa Umaru ya shigo yana dogara sanda, Ɗahiru na biye da hannuwansa baƙi ƙirin da shuni, sai Malam Jatau, wani siriri mai ƙaramar murya wanda idanunsa ba sa zama wuri ɗaya. Tun kafin ya zauna ya riga ya ƙwanƙwasa azarar zauren ya ji ko gara ta ci. Aka shimfiɗa tabarmi. Tambaya ta zauna daga bayan ƙofar ciki, inda za a ji muryarta.

Bawa ya faɗi tasa yardar da sauri, kamar ana korarsa. Mai Unguwa ya juya wajen ƙofa.

"Tambaya, ɗiyar Malam Usman, kin ji abin da anka daidaita. Kin yarda a sai da gidan ga, da rabonki a ciki?"

"Baba Mai Unguwa, ban ƙi ba," ta ce. "Amma ba ni buɗe baki sai na je na tsaya gaban Baba na yi mishi addu'a. Ba ni sallama gida ban yi sallama da mai shi ba."

Malam Jatau ya ɗaga kai. "Wane Baba ke nan?"

"Ubansu mana," in ji Mai Unguwa. "Ai nan ciki munka sa shi, bayan rumbu. Da ni anka yi."

Bawa ya sunkuyar da kai yana jiran ya ji an kaɗe riga.

"Allah ya jiƙan Malam," Jatau ya ce a hankali. "To, mi ya hana a gaya mini tun farko? Sai mu yanke mishi kusurwarshi, magini ya ja katanga, a buɗe ƙofa ta waje. Wurin ya zauna naku, ba shi cikin ciniki, ba shi cikin jingina. Ni ban taɓa amsar mamaci jingina ba."

Bawa ya ɗago kai. "Amma Malam, an ce a Wanke..."

"Wanke? Wa da ƙane sunka kama kokawa a gabana kan rabon gado, shi ya sa na tashi. Ina ruwan kabari? Tashi mu je ka nuna mini."

Wayyo Bawa! Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya wuce gaba, mutane na biye, Tambaya a bayansu. Da suka ɓullo bayan gida sai kowa ya yi cirko-cirko. Ba rumbu, ba zogale, ba tudu. Kuɓewa ce kore shar har ƙugu, ta yi fure ta yi 'ya'ya.

Tambaya ta dubi gabas ta dubi yamma. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi da ya fi sauƙi.

"Bawa," ta ce, "ina Baba?"

Mai Unguwa ya yi salati ya kama gemu. Ɗahiru ya kau da kai yana kallon rijiya, don kunyar wani ma kan kama mutum.

"Tsoro na ji, Yaya," Bawa ya ce daga baya. "Na zaci ciniki zai lalace."

Jatau ya juya ya bar shi nan tsaye. Ya bi katanga ya zagaya yana duba iyaka, ya leƙa rijiya, ya dawo. Ya ce bayan gidan duka ba zai yiwu a cire ba, don saboda rijiyar ne Ɗahiru yake sayen gidan, da ita zai yi rini, shi ma ba zai ba da rance a kan gidan da ba ruwa ba. Kusurwa dai za a yanke. Ya ciro turke daga jikin dangar da ta kare bayan gidan ya miƙa wa Ɗahiru.

"Nuna wurin, Bawa."

Bawa ya shiga cikin kuɓewar. Ya tsaya nan, ya matsa can. Da rumbu ake gane wurin, da zogale ake gane kai, duka kuwa shi ya kawar da su da hannunsa, kuma ya yi aikin da kyau. Damina ta daddaɓe sauran. Ya dubi Mai Unguwa, tsohon ya girgiza kai, ya ce shi dai bayan rumbu ya sani. Ya dubi Tambaya, ita kuwa shekarunta nawa a Tsafe. Ba a kuma tonon ƙasa don neman mamaci. Mutane na jira, rana na yi. Ya miƙa hannu ya nuna wani wuri kusa da katanga.

"Ka tabbata?" in ji Jatau.

"Nan ne," ya ce, zuciyarsa na ƙaryata shi.

Ɗahiru ya kafa turken ya buga da dutse. Aka koma zaure, Mai Unguwa ya maimaita tambayarsa.

"Na sallama," in ji Tambaya daga bayan ƙofa. "Abin da ni ke riƙe wa gidan ga, an riga an nome shi."

Aka shafa Fatiha, aka yi wa ciniki fatan albarka, baƙi suka watse. Bawa ya samu abin da yake so, bai kuwa taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Ta kan danga ya hango Tambaya tsaye wajen turken ta ɗaga hannu. Da ta shafa sai ta matsa gaba kaɗan ta sake ɗagawa, ta kuma komawa wajen rijiya ta sake, ko Allah ya sa ɗaya ta dace.

Da azahar Luba ta kawo masa akushinsa zaure, ta koma ciki da na baƙuwa. Ya wanke hannu ya buɗe. Tuwon dawa ne da miya mai yauƙi, irin wadda yake sha tun tsakiyar damina yana santi. Daga ciki ya jiyo muryar Tambaya.

"Luba, kuɓewar ina ce wagga?"

"Ta bayan gida ce, Yaya. Ɗazu na tsinko."

Sai ya ji ƙarar faifai da aka mayar kan kwano. Bawa ya zauna da jiƙaƙƙen hannunsa a bisa akushin, har tuwon ya huce.