Ƙwan Zabin Ummaru Direba

"Aje ta! Ummaru, don girman Allah aje kazag ga!"

Ta kan katanga na hango shi tsugune a bakin akurki. Ya ɗaga jar kazata da hannu ɗaya kamar mai duba ƙarƙashin mota, ɗaya hannun kuma ya kara ƙwai a kunne. Kazar sai fuffuka take tana saran iska.

"Ji nika yi ko sun hwara motsi," ya ce, ko juyowa bai yi ba.

"Shekaranjiya anka sa mata su! Mi za ka ji? Kiran salla?"

Ummaru taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu a nan Aliero, don haka ba na tauna masa magana. Ya fi shekara talatin yana tuƙa babbar mota, yana kai albasa kudu. Da ƙafafunsa suka fara kumburi sai 'ya'yansa suka karɓe makulli suka ce ya huta. Hutun nan shi ya jawo mini. Mutum ya rasa abin yi, sai ya tsiri kiwon tsuntsaye, ba don ci ba, ba don sayarwa ba, wai sha'awa.

Da fari kasuwar Jega ya je ya sayo kwali guda na 'yan tsakin gidan gona. Ya ɗaure kwalin a bayan babur da rana tsaka, ya lulluɓe shi da leda wai kada iska ta buge su. Rabi ba su iso da rai ba. Sauran ya riƙa ba su tuwo da miyar kuka, yana cewa abin da bai kashe mutum ba ai ba ya kashe tsuntsu. Suka bi 'yan uwansu. Sai ya koma agwagi, su kuma suka gano magudanar ruwan da ke ƙasan katangarmu, suka shigo suka yi wanka a cikin gasarar kokon da nake sayarwa. Bayan su tantabaru. Ya saye su wurin wani mutum a Maiyama, washegari ya sake su su sha iska, suka koma gidansu. Ya sake hawa mota ya je Maiyama ya sayo wasu, kuma ni dai na rantse waɗancan ne aka sake sayar masa.

Da damina ta kankama sai ga shi daga ƙauyen Liba da ƙwan zabi a ƙwarya, an shimfiɗa musu ƙaiƙayi. Zabuwa ba ta zaman kwanci a gida, kaza ake ba ƙwanta, shi kuwa duk ya gama da nasa kajin. Jar kazata ta fara kwanci a lokacin. Na ba shi aronta don in huta da naci, amma na kafa masa sharaɗi.

"Ƙwan zabi kaɗai za ka sa mata. Na kaza shina riga na zabo hwashewa da mako guda. In ka haɗa su rana ɗaya, da ta ga ɗiyanta sun hito sai ta tashi ta bar sauran su huce. Ka ji ni?"

"Na ji, Gudiya. Mutumin da yak kai tirela Hwatakwal, ƙwai na za shi gagare shi?"

Daga ranar ya ɗauko benci ya kafa a gaban akurki. Nan yake karin kumallo, nan yake sauraron rediyo, nan abokansa direbobi suke iske shi. Wata rana da haushi ya ishe ni na zagaya na tambaye shi abin da yake nema a jikin tsuntsaye da tsufansa.

Ya amsa yana kallon kazar. "Ɗiya bakwai Bushira ta haihwa min, ko guda ba a haihwa ina gari ba. Wani ina Anacha, wani mota ta lalace min a Lakwaja. Sai dai in ishe an yi suna an canye rago. Ban taɓa ganin abu mai rai ya zaka duniya ba. Ina son in gani, ko da na tsuntsu na."

"Kai namiji, ko kana gari mi za ka gani? Ƙohwar gida za a bar ka."

"Ai da na ji kukan."

Na ce ya matsar da bencinsa, yana tare wa kaza iska.

Ana cikin mako na uku ciwon ya taso masa da ƙarfi, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa. Surajo, autansu, ya zo da mota zai kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Sai da aka yi da gaske ya shiga, shi ma don na ce masa ƙwan zabi da sauran mako guda.

Kwana biyu da tafiyarsu, ina dama koko da safe, na ji kukan 'yan tsaki ta bayan katanga. Na leƙa. Ga jar kazata a tsakar gida tana tafiya tana taƙama, 'yan tsaki uku na biye da ita, kuma duk wanda ya san kaji ya san ba zabi ba ne. Ban san lokacin da na bar koko a wuta ba. Na zura hannu cikin akurki, ƙwan zabin suna nan a jere, ɗuminsu saura kaɗan.

Bushira, matarsa, ta fito tana soshe-soshen kai. "Yaya Gudiya, tausai nata yaj ji. Yac ce ƙaƙa za ta kwanta ma ɗiyan wasu, ba nata ko guda? Shi na yas sa mata ukku."

"Kina kallo?"

"Kin san Malam."

Na san shi kuwa. Raina ya ɓaci. Mutum ya yi mako uku yana gadin akurki, da hannunsa ya shirya yadda za a ƙyanƙyashe ba ya nan, ga sauran ƙwan kuma suna shirin zama baragurbi. Na kwashe 'yan tsakin na zuba a ƙwarya da tsohon zane na kai ɗakina. Na kamo kazar na mayar da ita kan ƙwai, ta sare ni a hannu har jini, na kifa mata kwando na ɗora dutse. Ni da jikoki, na koma renon 'yan tsaki uku masu kuka a kaina dare da rana.

Da suka dawo, fuskar Surajo kaɗai ta ishe ni labari. Likitoci sun ce a kawo shi gida. Mutum biyu suka riƙo shi zuwa ɗaki, bai ko gama kwanciya ba ya ce, "Gudiya, ƙwaina hwa?"

Na ga yadda ya zube, amma bakina ya riga ni. "Ka sake yi. An haihu ba ka gari."

Na faɗa masa komai. Ya rufe ido ya juya fuska bango.

"Na zabin hwa?" ya ce can.

"Allah kaɗai yas sani. Sun ɗan huce."

Ƙafa ba ta kai shi akurki kuma, don haka na ɗauko kaza da ƙwai da kwando na aje a gefen gadonsa. Bushira ta yi ta mitar ƙuma, na ce ƙuma ba ta taɓa kashe kowa ba. Masu zuwa dubiya su shigo da sallama, su iske kaza tana hararar su. Har liman ya zo ya yi addu'a yana satar kallon kwandon.

Mako ya cika, shiru. Ummaru ya daina cin komai sai ruwan koko cokali biyu. Ni a raina na riga na fid da rai da ƙwan, ina ta tunanin ko in aika Liba a sayo 'yan zabi in cusa ƙarƙashin kazar yana barci. Kullum sai ya ce, "Kara min in ji." Ni da na yi ta yi masa tsawa a kan haka, ni ce na koma ɗaga kaza ina kara masa ƙwai a kunne.

Ranar Alhamis da hantsi ya riƙe hannuna. "Shina ƙwanƙwasawa."

Na ɗauka zafin ciwo ne. Na kara a nawa kunnen, sai na ji ƙyas, ƙyas, daga ciki. Na juya ƙwan, ga ɗan tsagi a gefe. Kafin in ankara ya miƙo farce zai ɓare. Na doke hannun. Allah ya yafe mini, hannun mai jinya na doke.

"In ka ɓare shi ka kashe shi! Shi ka hitowa da kainai."

"Ni hwa sauri nika yi, Gudiya."

"Shi ba sauri shika yi ba. Sai ka jira."

Na mayar da ƙwan ƙarƙashin kaza. Ya jira. Numfashinsa yana ja yana tsayawa, Bushira na yi masa fifita, ni ina zaune tsakanin gado da kwando ban san wanda zan kalla ba. Sau biyu farcena ya kai kan ɓawon nan na janye. Aka kira azahar, na yi salla ban san abin da na karanta ba.

Bayan salla na ɗaga kazar, tsagin ya kusa zagaye ƙwan. Na shimfiɗa tsumma a tafin hannunsa na ɗora masa, Surajo ya tallabo kansa. Ɓawon ya motsa, ya tsaya, ya sake motsawa. Sai wata 'yar ƙafa ta tokare shi ya rabe biyu, ɗan zabo ya zubo jiƙe sharkaf, wuya a lanƙwashe, yana wani ɗan kuka siriri.

Ummaru ya ƙura masa ido. "Subhanallahi. Ashe haka suka zakkuwa da muni?"

"Haka Auta yaz zaka," in ji Bushira. "Har ya hi wanga."

Surajo, ƙato da gemunsa, ya sunkuyar da kai. Ummaru ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya dube ni ya ce, "To, wanga karo ina gari."

"Kawo shi nan kada sanyi shi kama shi," na ce, don ba na so ya ga idona.

Washegari, Jumma'a, bayan la'asar ya cika.

Biyar suka fito cikin ƙwan, sauran baragurbi. Bushira ta shiga takaba ta ce in kwashe su duka, ba ta iya kallonsu. Ga ni yanzu da zabin da ban taɓa nema ba, ina yawon tonon gara a bayan gari don in ciyar da su, kuma wanda zan yi wa faɗa ba ya nan.

Ranar sadakar uku na dawo daga raba gumba na nemi kazar a gidana na rasa. Na leƙa ta kan katanga. Ta bi magudanar ruwa ta koma can. An fara yayyafi, bencin yana nan a gaban akurki inda ya bar shi, ita kuma ta kwanta a ƙarƙashinsa ta baza fukafukai, kan ɗan zabo ɗaya ya leƙo waje.