Mai Amsa Ta Goma Sha Huɗu

Kowace shekara, a mako na uku, nakan koya wa 'yan aji huɗu na jami'a darasin riƙe sirrin wanda aka yi wa tambayoyin bincike. Na iya darasin nan kamar sunana. Nakan buga tebur in ce, "Abin da mutum ya faɗa maka amana ce, ko uwarka ba ta da rabo a ciki." Su yi dariya, su rubuta. Ni kuwa in koma ofis in rufe ƙofa, in zauna ina kallon durowar ƙasa ta kabad ɗina har shayina ya huce.

Kaset ne a ciki, guda ɗaya. Ƙa'ida ta ce a lalata irinsa bayan shekara biyar. Nawa ya shekara goma sha shida.

Lokacin ina ajin ƙarshe, bincikena a kan lafiyar mata masu sana'a a cikin gida ne. Don tsabar ragwanci ban je ko'ina ba, layinmu na bi gida-gida da rikoda a jaka, ina jin kaina kamar wata babbar likita. Ta goma sha huɗu ita ce Anti mai ɗinki, aminiyar Mama, wadda ta ɗinka mini kayan makaranta tun ina firamare, kullum hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta tsayar da keken, ta kori yara waje, ta ce, "Kin ce ba wanda zai ji, ko?" Na karanta mata takardar alƙawari daga farko har ƙarshe, ta sa hannu. Sai ta gaya mini akwai ƙullutu a ƙirjinta, wata biyar ke nan yana girma, kuma ba ta faɗa wa kowa ba don tana tsoron wuƙar asibiti.

Na riƙe amana. Wallahi na riƙe. Kullum da yamma tana zuwa gidanmu, ita da Mama su zauna a bakin ƙofa suna hira, ni ina wuce su da littattafaina. Da kalma ɗaya na faɗa wa Mama, da ta ja ta asibiti ko tana ihu, don Mama ba ta san wani abu wai shi sirri ba idan rai ne a ciki. Amma ni 'yar jami'a ce, an koya mini abin da su ba su sani ba. Maganar Anti ta shiga shafi na sittin da biyu na kundin bincikena, malamina ya ja mata layi da jan biro ya rubuta yabo a gefe. Na fita da sakamako mafi kyau a sashenmu. Wata tara bayan hirar Anti ta rasu, aka rufe keken ɗinkin da zani aka tura shi lungu.

Har yau idan na wuce shagon tela sai in tsaya ina jiran ƙarar keken ta yanke a kori yara waje.

Talatar da ta wuce, bayan darasin, aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Autar Anti ce, wadda take aji biyu a sashen harhaɗa magunguna. Shekararta huɗu aka yi rasuwar. Goshin uwarta ta ɗauko, har da yadda take tsayawa a karkace.

"Yaya, Mamanku ta ce kin taɓa ɗaukar muryar Ummanmu a kaset." Ta murza igiyar jakarta. "Hoto muna da shi, amma ni ban san muryarta ba. Ko minti ɗaya ne."

Ina da amsa a shirye, ni da nake koyar da ita. Sai na ga hannuna ya riga ni buɗe durowar. Na sa aka lalubo tsohuwar rikoda a sito, aka kaɗe mata ƙura.

"Auta, akwai abin da ba zai yi miki daɗi ba a ciki."

"Yaya, ko zagina take yi ina so."

Na danna. Keken ya yi ƙara ya tsaya. Anti ta yi dariya tana tsokanar rikodata, sannan ta ɗaga murya, "Ke Auta, ajiye almakashin nan ki fita waje!" Yarinyar ta toshe baki da hannu, ta ce, "Ni ce?" Na gyaɗa kai.

Maganar ƙullutun ta zo ta wuce, Auta ba ta motsa ba. Na miƙa hannu zan kashe, don a sanina nan abin ya ƙare. Sai Anti ta sake magana, a hankali, abin da ban rubuta a shafi na sittin da biyu ba, abin da na shekara goma sha shida ina gaya wa kaina ba a yi ba.

"Ke da kika yi karatu, me kike gani? In je?"

Ana jin fankar ɗakinta tana juyawa. Sannan wata siririyar murya mai ji da kanta, tawa, ta ce, "Anti, ba a yarda in ba da shawara ba. Mu je tambaya ta tara."

Auta ce ta kashe rikodar da kanta. Ba ta yi kuka ba, kuma na so a ce ta yi. Ta zaro kaset ɗin, ta karanta kwanan watan da na rubuta a jikinsa, ta ɗago ta dube ni.

"Yaya," ta ce, "ashe ta tambaye ki."