Kiɗan Korar Jan-baki

Shekarar da jan-baki suka sauka fadamar Katanga, Labbo bai san zama ba. Tsuntsayen nan ba su kai tafin hannu ba, amma in suka taso sai ka rantse hadari ne, kuma ba abin da suke so kamar shinkafar da ta fara nono. Ta Labbo daidai nan take. Ta yayansa Waliyyu, can tsallaken kwari, ita ma haka.

Shi Waliyyu yana kwance Aliero gidan masu ɗori, babur ya kayar da shi, ƙafa ta karye. Ranar da Labbo ya je dubiya, ya kama masa hannu ya ce, "Labbo, gonata tana hannunka. Ita ɗai ag gare mu bana, ni da ɗiya."

"Haba Yaya, har sai ka hwaɗi? Ko ƙwara guda ba su taɓawa."

Kai, baki! Faɗa ba wuya. Ya ja igiyoyi ya rataya gwangwanaye, ya yi ta wurga majajjawa har kafaɗa ta ƙi ɗaguwa. Ya kore su nan, su sauka can. Ya ƙetare kwari a guje, kafin ya isa sun dawo tasa. Neman wanda zai taya shi kuwa ɓata lokaci ne, kowa yana fama da tasa gonar. Tuwo ma a tsaye yake cinsa, ido na sama.

Ana cikin haka ya tuna da wasu lasifikoki biyu masu bakin ƙaho da ya jefa bayan rumbu tun da ya bar tallar magani a kasuwar Maiyama. Ya kakkaɓe su, ya ɗaure bayan babur, sai Jega, shagon Surajo mai gyaran kayan sauti. Abin da ya rasa shi ne amfilifaya, akwatin da ke tura musu murya.

Surajo ya jona su, ya saka wani kiɗan Turawa da ake kira rok, gita na kururuwa, ganga na dukan ƙirji. Tantabarun da ke kan rufin shagon suka watse gaba ɗaya.

"A'uzu billahi!" in ji Labbo. "Wanga kiɗi ne ko hwaɗa?"

"Da shi nika gwada kaya, Malam Labbo. Duk lasifikar da ad da ciwo, shi ka tona ta. Naka lahiya lau suke."

Labbo bai ma saurare shi ba, tantabarun yake bi da kallo. "Sa man shi a memori. Irinai nika so."

Sai Surajo ya sauko da akwati biyu, ƙarami da babba. Ya dafa ƙaramin ya ce, "Wanga za ka ɗauka. Irin lasifikokinka ba su da ci, wuta kaɗan ka ba su su cika gari. Babban ga ya hi ƙarhinsu. Ka matsa mai, shi gasa su."

"Ƙaramin shina kaiwa tsallaken kwari?"

"Taka gonar dai shina ruhe ta."

"Na ce tsallaken kwari."

Surajo ya sosa ƙeya. "In iska ta juya, ban yi maka alkawari ba."

To fa. Labbo ya fita waje, ya dawo. Ya ɗaga ƙaramin, ya ajiye. Ya sake fita, ya tsaya yana kallon gabas kamar daga nan zai hango fadama, alhali ba abin da ke gabansa sai motocin albasa. Duk minti ɗaya da yake yi a shagon nan, ya san ana ci masa shinkafa, kuma ba tasa kaɗai ba. Ya shigo ya ɗora hannu kan babban.

"Malam Labbo..."

"Ɗaure man shi, Surajo. Kai ba ka ga idon Yaya ba."

Surajo bai ƙara musu ba. Ya tsoma tsinke cikin farin fenti, ya ɗiga a gefen abin murɗa murya. "Ka ga nan? Komi ya yi zahi kak ka wuce nan."

Labbo ya kafa doguwar sanda a bakin kwari, lasifika ɗaya ta fuskanci gonarsa, ɗaya ta fuskanci ta Waliyyu, batir da sola a gindi. Da ya kunna, jama'a, ko rabin hanyar ɗigon bai kai ba fadama ta ɗauka. Jan-baki suka tashi suka yi ta juyi a sama, suka rasa wurin sauka. Tsofaffi suka yi tir, suka ce Labbo ya kawo musu kiɗan aljanu. Wani maƙwabcinsa ya ce saniyarsa ta ƙi nono. Labbo ko a jikinsa. Ranar ya ci abinci a zaune, har ya buga wa Waliyyu waya ya ɗaga ta sama don ya ji da kunnensa. Waliyyu ya yi dariya har ya ce ƙafar ta motsa.

Amma jan-baki ba wawaye ba ne. Da aka kwana biyu sai suka gane ƙara ce kawai, ba ta jifa. Suka fara sauka can ƙarshen gonar Waliyyu, inda kiɗan ke isa a gajiye. Labbo ya ƙara murya kaɗan, suka tashi. Washegari suka dawo, ya ƙara. Ya sauya waƙa, ya karkata sandar, ya kashe ya kunna ba zato. Kullum yatsansa na matsawa, har ya zo ya tsaya daidai kan farin ɗigon. Daga nan barci ya ƙaurace masa, ko sallah yake yi kunnensa na fadama.

Ran nan bayan la'asar iska ta juyo daga tsallake, tana maido da kiɗan baya. Sai ga wani garke da Labbo bai taɓa ganin irinsa ba, ya rufe rana. Suka zuba kan gonar Waliyyu, shinkafa ta kwanta saboda nauyinsu. Labbo ya dubi ɗigon. Ya dubi gonar. Tsoro ya kama shi, tsoron gaske, na ranar da za a sauke Yaya daga mota da sanda a hannu ya tambaye shi.

Ya murɗa har ƙarshe.

Ƙarar da ta fito, an ce har cikin gari an ji ta. Garken ya tashi ɗungum, Labbo ya daka tsalle yana kabbara. Sai gitar ta shaƙe, ta yi ƙugi, wani wari kamar na ƙonanniyar roba ya bugi hancinsa. Lasifikar dama ta mutu. Kafin ya kai hannu, ta hagu ta bi ta.

Ya jijjiga waya, ya bubbuga akwatin, ya kira sunan Allah. Ba komai. A sama garken ya yi juyi ɗaya, ya rabu biyu, rabi ya yi gonarsa, rabi ya koma tsallake.

Tasa tana nan kusa, taku kaɗan ne, shinkafar da ya dasa da hannunsa, wadda matarsa ta riga ta share wa rumbu. Ya tsaya yana kallonta, hawaye na zuba, bai share ba.

Sannan ya tuɓe rigarsa, ya faɗa cikin kwari, ruwa har gwiwa. Ya haura gonar Waliyyu yana kaɗa rigar, yana ihu, yana gudu daga wannan kunya zuwa waccan. A bayansa yana jin su sarai, suna ci suna surutu. Har rana ta faɗi bai waiwaya ba.