Injin Aro

Duk unguwar Footscray babu wanda bai san Vernon Treloar ba, wanda kuwa bai san shi ba, Vernon da kansa zai sanar da shi kafin shayi ya huce. A aji uku na sakandare ya ajiye karatu, ya shiga mayanka yana saɓar raguna, har zarton ƙashi ya cinye masa yatsu biyu. Da sauran takwas ɗin ya koya wa kansa rubuta wasan kwamfuta, daga wani littafi da ya tsinta ba bango. Irinsu ba jami'a ce ta yi su ba, wuya ce ta gasa su. Likitoci sun tsaga ƙirjinsa sau biyu, ya binne matarsa, ya ga mutuwar kamfani uku, ga shi nan daram da shekara saba'in da shida.

Abin taƙamarsa shi ne Ambaliya, wasan da ya yi a 1986. Kare ne ke kora tumaki kan tudu kafin kogi ya kawo, in ka yi sanyin hannu ruwa ya tafi da garken. A kaset ake sayar da shi, sai ka yi minti shida kana jin ƙugi kafin ya hau. A lokacin Vernon yana yi wa kamfanin Harcastle wasannin tseren mota, amma Ambaliya a gida ya yi shi, a teburin cin abinci, ya cika littattafan rubutu huɗu da fensir. Kiɗan ciki na amininsa ne, Renzo Battistella, wanda suke tebur ɗaya a wurin aiki. Harcastle ya buga ya rarraba bisa musabaha kawai, ba takarda.

Bara wata mata mai suna Kerryn Hoad, wadda sana'arta farfaɗo da tsofaffin wasanni, ta ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Ta ce, "Vernon, so nake in sake fitar da Ambaliya. Kwali ɗari biyar, da sunanka a gaba, mu kai baje kolin tsofaffin wasanni na garin Ballarat a watan Mayu."

Ya ce, "Sai yanzu kuka farka? Shigo, 'yar nan, in ba ki labarin yadda na cusa tunkiya arba'in a injin da ko lambar wayarki ba zai riƙe ba."

Sai da ya ba ta labarin sau biyu kafin ta samu ta tafi.

Wata huɗu ta yi tana bin sawun wasan kamar mai cigiyar ɓatacciyar akuya. Harcastle ya mutu a 1991. Wani kamfanin Ingila ya kwashe gadonsa, wani na Faransa ya haɗiye na Ingilan, sannan aka yi watandar kayan, tsofaffin wasanni suka faɗa hannun wani kamfani a Amurka. Zanen kwalin yana wurin magadan wata mai zane a Hobart, su kam suka yarda ba gardama. Kiɗa na Renzo ne, ta je ta same shi, ya ce zai yi tunani. Na Amurkan kuwa ko sanin akwai wani wasa Ambaliya ba su yi ba, sai da wasiƙarta ta tashe su daga barci. Nan da nan lauyansu ya zaƙulo wata tsohuwar ƙa'idar Harcastle: duk abin da ma'aikaci ya ƙirƙira da kayan aikin kamfani, na kamfani ne.

Kerryn ta ce, "Ba su da shaida ko ɗaya. In Renzo ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa da kayanka ka yi a gidanka, magana ta ƙare."

Vernon ya yi dariya har da tari. "Renzo? Ni na koya masa tuƙi, ni na riƙe masa zobe ranar aurensa. Ba ni takardar."

A cikin motar hayar da za ta kai shi gidan Renzo ne dariyar ta fara ja da baya, don ya tuna wata Asabar. A Harcastle al'ada ce kowa ya ɗauki abin da yake so ranar Juma'a ya dawo da shi Litinin, ba mai tambaya, ba mai rubutawa. Rikodar Vernon ta gida tana shigar da ƙara, masu buga kaset kuwa ba sa karɓar uwar kaset, wadda ake kwafo sauran daga cikinta, sai mai tsabta. Sai Renzo ya ɗauko babbar rikodar kamfani a bayan motarsa, suka naɗa, ya mayar. Rabin awa. Mutum biyu ne kaɗai suka sani a duniya.

Ya tarar da gidan Renzo a cike, ranar dafa tumatirin shekara ce. Akwatuna jibge a bayan gida, mata suna wanke kwalabe, tukunya tana tafasa a kan gas, rana tana duka. Renzo yana juya hannun injin niƙa, rigarsa ja-ja da ruwan tumatir.

Vernon ya ce, "Kai tsohon banza, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jira ka riga ni, in huta da surutu. Ka ci abinci?"

"Goge hannunka ka sa min hannu a nan, sannan ka ciyar da ni."

Renzo ya dubi takardar bai taɓa ta ba. Ya ci gaba da juya injin.

Ya ce, "Na riga na sa hannu a wata, Vern. Tasu."

"Tasu wa?"

"Mutanen Amurka. Na rantse cewa da rikodar kamfani aka naɗi uwar kaset. Ƙarya na yi?"

Vernon ya jawo wani akwatin da ba komai ya zauna.

"Rabin awa, Renzo. Wata tara na yi ina rubutu har fensir ya yi min kanta."

"Na sani. Ina wurin."

"To ta yaya ma suka san su tambaye ka? Wa ya gaya musu akwai wata Asabar?"

Renzo ya tsayar da injin. Matan da ke wanke kwalabe ɗaya bayan ɗaya suka sulale cikin gida.

"Ba su tambaya ba. Ni na rubuta musu. Za su fitar da shi a wayar hannu, za su sa sunana a allon farko."

"A kan suna ka sayar da ni?"

"Ka taɓa duba kwalin da kyau? 'Wasan Vernon Treloar.' Shekara talatin da takwas ina jin ƙarti suna fito da kiɗana a layin sayen kifi, ba wanda ya san ni. Yarinyar nan ta zo, me ta ce? Sunan Vernon a gaba. Kuma dai."

"Da ka buɗe baki ka faɗa min!"

"Yaushe? Wa ke samun sa baki in kana magana?"

Vernon ya dube shi. Wannan mutumin ne ya kama akwatin gawar matarsa ta gefen hagu. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya miƙe.

Renzo ya ce, "Ɗauki kwalabenka shida, kamar kowace shekara."

"Aika wa Amurka," in ji Vernon, ya fita ta ƙofar baya.

Lauyar da Kerryn ta nemo ba ta ɓoye musu komai ba. Ana iya zuwa kotu, ana ma iya yin nasara, amma sai an shekara biyar ana yi da mutanen da ba sa gajiya, kuma shaidan da ya rage a raye yana ɓangarensu. Kerryn ta soke aikin kwalayen. Abin da ya rage wa Vernon shi ne tsohon kaset ɗinsa guda ɗaya, wanda babu mai hana shi kunnawa a injinsa.

Ya je Ballarat duk da haka, cikin sanyin da ake yi a can a watan Mayu, Kerryn ta ba shi kusurwar teburinta. Ya kunna, mutane suka yi layi, magidanta masu furfura suna kora tumaki suna cizon leɓe. Duk wanda ya san shi ya zaci zai cika zauren da labari. Zama kawai ya yi da hannu cikin aljihun kwat.

Wajen azahar wani mutum mai sanƙo ya gama wasa, ruwa ya ci masa tunkiya tara. Ya juyo fuskarsa cike da murna.

"Kai ne ka yi shi, ko? Ina ɗan shekara goma na lalata talabijin ɗin gidanmu a kansa. Don Allah kwafa min ɗaya, ko nawa ne."

Vernon ya daɗe yana kallon karen a allo, yana tsaye kan tudu yana kaɗa wutsiya.

Ya ce, "Ni na yi shi, amma ba nawa ba ne. Sai dai ka jira na waya."

Ya miƙa hannu ya mayar da wasan farko, ya ce da na bayan mutumin ya matso.