Takardun Nagoggo a Shinge

Shekara ashirin Malam Gwadabe ya yi yana buga littattafai a wani ɗan shago bayan kasuwar Umdurman. Yawancinsu na Larabci ne. Na Hausa guda ɗaya ne, shi ma bai kai ga bugawa ba: labarin gwaggonsa Nagoggo, wadda ta taho daga Haɗeja a ƙafa tana yarinya, cikin ayarin mahajjata. Daga bakinta ya rubuta shi da ajami kafin ta rasu.

Da yaƙi ya ci unguwarsu, sai ya bar injin buga littattafan, ya ƙunshe takardun labarin cikin zani. Shi da 'yarsa Sittana suka shiga motar haya zuwa Jabal Awliya, wajen surukinsa.

Da hantsi aka tsayar da su a shinge. Masu bindiga suka ce kowa ya sauko da kayansa. Babbansu, wani dogo mai tabo a haɓa, ya kwance zanin, ya ɗaga shafi ɗaya.

"Haruffa namu, magana ba tamu ba," ya ce da Larabci. "Mene ne wannan?"

"Hausa ce, ranka ya daɗe. Labarin wata tsohuwa."

Mutumin ya ci gaba da buɗawa har ya kai ga taswirar hanyar ayarin da Gwadabe ya zana, garuruwa a jere, kowace rijiya da alamarta. Fuskarsa ta sauya.

"Wa kake kai wa wannan?"

Gwadabe ya rantse ba kowa yake kai wa ba. Aka janye Sittana can nesa, aka ba shi shafi ɗaya, aka ce ya karanta ya fassara. Wurin da jakin ayarin ya faɗa rijiya ne. Yana gamawa aka juya shi ya fuskanci bango, bakin bindiga a ƙeyarsa.

"Kawo 'yar. Idan maganarsu ta bambanta, a nan zai kwana," in ji dogon.

Gwadabe ya rufe ido. Sittana ma'aikaciyar jinya ce, da Larabci ta tashi. Hausarta ta cikin gida ce, ajami kuwa tun tana ƙarama ta gudu daga koyonsa.

Ya ji ƙarar takardar a hannunta.

"Ri... rijiya," ta ce. "Jaki."

Daga nan muryarta ta daidaita. Ta faɗa da Larabci yadda jakin ya zame da salkunan ruwa a bayansa, yadda maza suka ƙulla rawunansu suka jawo shi, yadda ya fito ya harbi madugun.

Wani daga cikin masu bindigar ya tuntsire da dariya. Dogon bai yi ba. Ya yage taswirar daga cikin takardun, ya cusa a aljihu, ya watsar da sauran a ƙasa.

"Ku tafi."

Suka tsince shafukan cikin sauri. Sai da motar ta yi nisa Sittana ta yi magana.

"Baba, kalma biyu kawai na iya karantawa. Sauran a bakin Nagoggo na ji, tana yi mini kitso."

Gwadabe ya shiga ƙirga shafukan a cinyarsa. Uku sun ɓace.

A Jabal Awliya suka zauna su biyu suka cike gurbin, shi yana rubutawa, ita tana gyara masa inda ya manta. Bayan wata huɗu ya samu mai injin kwafi a kasuwa, ya fitar da guda arba'in, ya ɗinke su da zare.