An Sayar da Mai Jan Mayafi

"Kai ka sayar da ni, Auta! Kai, ba wani ba!"

Inna ta dangwarar da wayar a kan teburin shagon gyaran waya, har ƙananan kusoshi suka yi tsalle. Autan nata ya ɗago daga wayar da yake kwancewa. Abokin aikinsa ya sunkuyar da kai yana ƙunshe dariya.

"Inna, don Allah, ga mutane."

"Su ji mana! Da za ka yi, kunyar wa ka ji?"

* * *

Bara ne, da ciwon gwiwa ya zaunar da ita a ɗaki, Auta ya kawo mata wayar, shi da sai ya yi wata bai leƙo ta ba. Ya buɗe wani wasa da ake yi da mutanen duniya, ya nuna mata wata 'yar budurwa mai jan mayafi tsaye a bakin daji.

"Wannan ke ce. Ki riƙa tara min itace da duwatsu in ina wurin aiki."

Inna ko bihim ba ta sani ba, amma babban yatsanta ya gane hanya. Taswirar wasan baƙa ce ƙirin, sai inda ƙafarka ta taka take wayewa. Abin nema ya samu! Matar da ke dafa bango kafin ta kai ƙofa, ga ta tana tsallake koguna, tana hawan duwatsu, tana saran itace kamar 'yar shekara ashirin. Ranar da ta kutsa bayan wani ruwa mai zubowa daga tsauni ta tarar da kogo cike da shuɗin dutse mai walƙiya, guɗar da ta rangaɗa sai da maƙwabciya ta shigo a guje.

"Lafiya, Inna?"

"Kogo na samo, 'yar nan! Ba wanda ya taɓa shiga!"

Daɗin duk bai kai na yamma ba. Da ya tashi daga aiki, Auta zai shigo wasan a kan farin dokinsa, muryarsa ta fito ta cikin wayar ta cika ɗakin.

"Inna, dodo a bayanki! Ruga!"

"Rugawar me? Sare shi, ragon banza!"

Su yi ta dariya. A tsakanin wannan kurmi da wancan yakan tambaye ta gwiwa, ya ba ta labarin shago. Rabonta da hira irin wannan da shi tun yana ɗan makaranta.

Yau da safe wasan ya ƙi buɗewa. Maƙwabciya ta karanta mata rubutun: an canza mai shi.

* * *

"Wani ne ya taya," in ji Auta, yana sosa ƙeya. "Taswira a buɗe, rumbu a cike, irin su ake nema. Wasa ne fa, Inna."

"Wasa? Da yatsan wa aka buɗe ta? Kogon nan uban wa ya samo maka?"

"Hajiya jaruma," abokin ya sa baki, "sai a kai ƙara wurin sarkin dodanni."

"Kai kuma rufe min baki, mai kunnen tulu!"

Auta ya ja wayar. "Shi ke nan, bari in buɗe miki sabuwa. Ki fara daga farko."

Ta ɗan sassauta. Farawa daga farko ba ta ba ta tsoro, ta san hanyar kogon ko ido rufe.

"To yau da yamma za ka shigo?"

Bai dube ta ba. "Ai ni na bar wannan wasan, Inna. Dokin ma na haɗa na sayar."

Wata mata ta miƙo waya mai fasasshen gilashi, Auta ya yi wuf ya karɓa. Inna ta jawo kujerar masu jira, ta zauna a tsakiyar ƙofa, ta miƙe ƙafar mai ciwo ta tare hanya.

"Ba mai shiga, ba mai fita," ta ce a hankali. "Sai ka dube ni ka faɗa min, Auta: yanzu a ina zan riƙa jin muryarka?"